Ƙwaron Ƙasa Mafarauci a Gonakin Dutsin-Ma da Kurfi

Ƙwaron ƙasa mafarauci ƙwaro ne mai taurin baya da dogayen ƙafafu, galibi baƙi mai sheƙi, wanda kan ruga a guje idan aka ɗaga dutse ko damin kara a gona. Masana na kiran danginsa Karabide, kuma an san fiye da iri 40,000 a duniya. Ya bambanta da buzuzu mai mirgina kashin shanu, ya kuma bambanta da ƙwarin da ke cin furen gero da wake. Shi nama yake ci: tsutsa, ƙwan ƙwari, gara, har 'ya'yan fara. Da rana yana ɓuya, sai dare ya yi ya fito farauta, shi ya sa manomi zai shekara da shi bai san aikinsa ba.

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi akwai gonakin jigawa inda ake shuka gero, dawa, wake da gyaɗa, akwai kuma fadamu da wuraren noman rani irin na kewayen madatsar ruwan Zobe, kuma kowace ƙasa da irin ƙwaron da ta fi karɓa. Manyan nan da ake kira Antiya, masu ɗigon fari a baya, sun fi son busasshen rairayi. Ba sa tashi sama, amma suna da gudu, kuma in an takura su sukan feso ruwa mai zafin gaske a ido. 'Yan Kileniyus, masu ƙyallin kore, sun fi yawa inda akwai laima. Kalosoma kuwa gwanin tsutsa ne, har kara yake hawa ya kamo ta.

Amfaninsu ya fi fitowa idan aka duba rayuwar maɓarnata. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero ƙasa take sauka idan ta ƙoshi, ta shige ciki ta yi kwanan rani. Haka tsutsar masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ita ma a ƙasa take rikiɗa kafin ta zama malam-buɗe-littafin dare. Wannan saukar ita ke kai su bakin mafarauci. Ba ya ƙarar da su, gaskiya, amma duk wadda ya cinye ba za ta yi ƙwai ba.

Ƙidayar ƙwarin mafarauta a gona ba ta da wuya. Ana binne kofi bakinsa daidai da ƙasa, da safe a duba abin da ya faɗa ciki.

Abin da ke rage su shi ne feshi barkatai, domin maganin bai san mai ɓarna da mai gadi ba. Sai ƙona shara kafin damina, wanda ke cinye maɓoyarsu, da huɗa mai zurfi da ke tone 'ya'yansu. A Ingila, tun wajen shekarun 1980, ake barin kunyar ciyawa a tsakiyar gonar alkama musamman don ƙwarin nan su sami wurin fakewa. Manomin Katsina da ke barin gamba a iyakar gonarsa ya daɗe yana yin haka, ko da yake zana da shaidar iyaka yake nufi. A gindin gambar da ƙarƙashin karan da aka bari a kwance ƙwarin ke laɓewa da rani, ruwan farko na sauka su bazu cikin shuka.