Firintar da Ke Ɓacewa Bayan An Kawo Wuta

A ɗan shagon buga takardu da yayana ya buɗe a zauren gidansa a Azare, firinta ta ɗauki wata ɗabi'a mai ban takaici. Kwamfutoci uku ne ke tura mata aiki ta rauta guda: ɗaya a shago, biyu a cikin gida. Yau ka danna, takarda ta fito. Gobe ka danna, aiki ya maƙale a layi, kwamfuta ta ce ba ta ga firinta ba, alhali ga ta a kunne, fitilarta kore shar. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar Gadau sun cika benci, kowa riƙe da filashin furojet ɗinsa.

Zargi ya fara sauka a kan yaron shagon, ɗan ƙanwarmu. "Kawu, wallahi ban taɓa komai ba," in ji shi, amma ba wanda ya saurare shi. Aka sake waya, ba ta sake zane ba. Aka ce bairos ne daga filashin ɗalibai, aka wanke kwamfutar, shiru. Wani mai gyara ya goge firintar daga kwamfuta ya sake ɗora ta, nan take ta yi aiki, ya karɓi kuɗinsa. Kwana kaɗan ta sake ɓacewa, har Yaya ya fara tambayar farashin sabuwa a Kano.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne folda. Akwai wadda aka buɗe a kwamfutar shago domin na cikin gida su riƙa ajiye fayil, kuma ko a ranar da firinta ta ƙi, foldar tana buɗewa lafiya lau. Ke nan waya da rauta ba su da laifi.

Bakin zaren yana hannun yaron da aka tsangwama. Da na tambaye shi cikin natsuwa, sai ya ce abin ba ya faruwa sai an ɗauke wuta an kawo, ko an koma kan janareta. Kuma ba kullum ba: idan da sassafe ne ba kowa a shago, lafiya, idan shago ya cika, sai a hankali.

Kowace firinta mai shiga rauta tana iya buga takardar bayanin kanta. Muka buga a ranar da ta ƙi. Adireshinta 192.168.0.107. Muka duba inda kwamfuta ke tura aiki: 192.168.0.102. Muka buɗe shafin rauta don ganin wa ke riƙe da 102, sai ga sunan wata wayar salula. Ta wata ɗaliba ce da ke zaune a benci, wadda ta roƙi lambar sirrin waifai don ta sauke aikinta daga imel.

Ga yadda abin yake. Rauta tana raba wa na'urori adireshi ta wani tsari da ake kira DHCP, wanda aka fitar tun 1993, kuma aro take bayarwa, kamar sarkin kasuwa da ke nuna wa wanda ya riga zuwa rumfar da ba kowa. Ƙananan rautoci da yawa sukan mance wa suka ba me da zarar wuta ta yanke. Wayoyi suna da batir, rauta na farfaɗowa suke kama adireshi. Ita kuwa firinta sai ta gama ɗumama, ta iso a makare, ta karɓi abin da ya rage. Kwamfuta na can tana aika takardu tsohon wuri. Foldar ta tsira domin da sunan kwamfuta ake nemanta, ba da lamba ba. Gyaran mai gyara ma ya ci ne kawai don sake ɗorawar ta rubuta sabon adireshin, wanda ɗauke wuta na gaba ya rushe.

Maganin bai ci ko kwabo ba. Kowace na'ura tana da lambarta ta dindindin, MAC, mai haruffa da alƙaluma 12, kuma ta firinta tana cikin takardar da muka buga. Muka shigar da ita a shafin rauta, muka keɓe wa firinta adireshi ɗaya tak, muka nuna wa kwamfutocin uku shi. Ɗalibai kuma aka buɗe musu waifai na baƙi, wanda ba ya kaiwa ga foldar gida. Dama bai kamata takardun iyali su zauna a inda kowace waya ke shiga ba. Sannan muka kashe komai da gangan, muka kunna shago cike da wayoyi. Takarda ta fito.

Yaya ya ba yaron haƙuri a gaban kowa, kuma ya cancanci hakan.

Duk mai haɗa firinta da rauta a Azare, Gadau ko Misau, inda wuta ke zuwa tana komawa, ya keɓe mata adireshi tun ranar farko, kafin ya zargi yaro ko ya nufi kasuwa.