Daga Lofe Zuwa Shisha: Yadda Duma Ya Rabu da Taba a Ƙasar Safana

Taba daɗaɗɗiyar shuka ce a ƙasar Katsina. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yada zango a birnin a 1851 da kuma 1853, ya rubuta cewa tabar Katsina tana da daraja har Tambutu. A wancan zamani, da bayansa da shekaru masu yawa, manomi shi ke shuka abarsa a fadama, ya shanya ganyen, ya daka da kanwa ya riƙa gumtsa, ko ya cusa a lofe ya ɗora garwashi. Mata kuma su goge haƙora da furenta bayan cin goro.

Duma yana da nasa gurbin a wannan harka. A ƙasar Hausa kan lofe aikin magina ne, da yumɓu ake yin sa, amma ƙaramin duma kan zama battar ajiye garin taba. A kudancin Afirka abin ya wuce nan. Matan ƙabilar Tonga da ke gaɓar Kogin Zambezi sukan zuba ruwa a gora, su dasa mata kan yumɓu, hayaƙi ya ratsa ruwan kafin ya kai baki. Daga Afirka ta Kudu kuma sojojin Ingila suka koma gida da lofen wuyan duma bayan yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902. Ke nan dabarar da matasanmu ke ɗauka sabuwa ce a tukunyar shisha, duman Afirka ya daɗe da saninta.

Yau da wuya ka ga lofe a bakin kowa a Safana, ko Runka, ko Ruma. Me ya kawar da shi, shi da duma?

Sigari ne ya fara yi masa illa. Tun da kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, kara ɗaya ya zama abin da ake saya a teburin mai shayi, ba neman garwashi, ba wankin lofe. Sai roba da kwanon silba suka bi duma har ɗakin mata, suka ƙwace aikin ƙwarya da buta da ludayi. Da ciniki ya ja baya, manomi ya rage shuka duma, gyartai ya rasa abin ɗinki, ɗansa kuwa bai ga dalilin gadon sana'ar ba. Wa'azin malamai da kashedin likitoci su ma sun sa dattijai da dama sun ajiye taba baki ɗaya, kuma wannan alheri ne.

Amma abin da ya fi yi wa wannan yanki ciwo shi ne rashin tsaro. Safana da Batsari suna bakin Dajin Rugu, kuma Fulanin rugage su ne manyan masu sayen ƙwarya, domin a cikinta ake tatsar nono, a cikinta ake tallarsa. Da aka shiga satar shanu da garkuwa da mutane, rugage suka watse, gonakin nesa suka koma saura. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu. Sana'ar da ta dogara da ranar kasuwa, irin ta Alhamis a Batsari, ba ta iya jure irin wannan tsaiko.

Wani zai ce ai ɓacewar lofe ba asara ba ce. Ta fuskar lafiya, ban ga abin kewa ba: hayaƙi hayaƙi ne, ko daga yumɓu ya fito ko daga gora, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Damuwata ita ce tabar ba ta tafi ba, hannu kawai ta sauya. Da can ta tsofaffi ce, yaro ba ya kusantarta a gaban manya. Yanzu ta koma ta samari a tukunyar shisha, an saka mata ƙamshin tuffa da na'a-na'a, ana yi musu ƙaryar cewa ruwa yana tace gubar. Hukumar ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari sau 100 ko fiye. Kuɗin da a da yake tsayawa hannun manomi da magini, yanzu wurin kamfani da ɗan kasuwar birni yake tafiya.

Doka tana nan. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, Kano kuma ta haramta shisha a 2021. Ya kamata hakimai da limamai da shugabannin ƙananan hukumomin Safana da Batsari su tsaya a kan aiwatar da hana sayar wa yara, sannan a nema wa masu sassaƙa da zanen ƙwarya kasuwa a Katsina da Kano da Abuja tun sauran tsofaffin da suka iya aikin suna raye.