CINIKIN KWAMFUTA TA INTANET: IN MAI SAYE YA CE A MAYAR MASA DA KUƊINSA

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na birni da na ƙauye. Kowa ya ɗauko kayensa da bik ɗinsa, ya matso kusa da rediyo. Hirarmu ta yau a kan ciniki take.

Kasuwa ta cikin salula

A da, wanda yake son sayar da tsohon rediyonsa ko kekensa, kasuwa yake kai shi, ko ya ba dillali. Mai saye ya duba da idonsa, ya taya. Mai kaya ya ce albarka, ko ya sallama. In an biya, kowa ya kama gabansa.

Yau an sami wata kasuwa a cikin salula. Mutum ya ɗauki hoton kayansa, ya sa a Facebook ko a WhatsApp, ya rubuta kuɗin. Mai kaya yana Maraɗi, mai saye yana Yamai, tsakaninsu tafiyar fiye da kilomita 600. Ba su taɓa ganin juna ba. Kuɗi su zo ta salula, ko ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Kaya kuma su bi motar fasinja a cikin kwali.

Cikin kayan da ake sayarwa haka akwai kwamfuta, wadda masu jin Faransanci ke ce wa ordinatar. Yawancin waɗanda ke gidajenmu na hannu ne, wato wani ya yi aiki da su kafin mu. Ɗalibi ya gama karatu ya sayar da tasa. Uba ya matsu da kuɗin magani ya sayar da ta ɗansa. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne.

A Turai da Amurka akwai manyan kasuwannin intanet, kamar eBay wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1995. A can kamfani ne ke shiga tsakani. Mai saye yana da kwana 30 na kai kuka in kayan ba su yi daidai da abin da aka faɗa masa ba. Kamfani ya duba shaidar kowa, ya yanke hukunci. Mu kuwa, cinikin da muke ƙullawa ta WhatsApp ba shi da alƙali a tsakani. Abin da ka rubuta ka ajiye, shi ne zai tsaya maka.

Mu ɗauki misali

Wani mutum a Maraɗi ya sayar da kwamfuta jika 120. Mai saye yana Yamai. An biya, an aika. Bayan kwana 3 sai waya ta yi ƙara. Mai saye ya ce: "Malam, abin da ka aiko mini ba ya kamawa. Ka mayar mini da kuɗina yau, in ba haka ba in tona maka asiri a Facebook."

To, me mai kaya zai yi?

Mu fara da gaskiya. Mai yiwuwa ne mutumin nan ba ƙarya yake yi ba. Tsohon inji yana iya lalacewa a hanya, saboda girgizar mota ko zafi. Kuma malamanmu na addini sun bayyana cewa bai halatta mai kaya ya ɓoye aibin kayansa ba. In mai saye ya gano aibin da aka ɓoye masa, yana da hakkin mayar da kayan. Saboda haka kada ka yi saurin ce wa mutum ɓarawo. Hausawa sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.

Amma kuma mai yiwuwa ne macuci ne. Akwai mutanen da suka mai da wannan kuka sana'a. Ya kamata mu san dabarunsu.

Dabarun macuta

Dabara ta 1, musanya. Macuci yana da matacciyar kwamfuta iri ɗaya da taka, launi ɗaya, suna ɗaya. Shi ya sa ya zaɓi taka. Ya karɓi mai lafiya, ya mayar maka da matacciya. Kai kuwa ka duba ka ce ai taka ce.

Dabara ta 2, yashe ciki. Kwamfuta tana da kayan ciki masu tsada. Akwai wanda ake kira RAM, shi ke sa ta yi sauri. Akwai faifan ajiya, wanda ke riƙe rubutu da hotuna. Akwai batir. Ana iya kwance su da sukundireba cikin ɗan lokaci. Macuci ya cire masu kyau, ya sa gajiyayyu ko ƙanana, ya ɗaure, ya mayar maka. Jiki naka ne, ciki ba naka ba.

Dabara ta 3, musun karɓa. Ya ce kwalin bai iso ba. Ko ya ce ya buɗe ya tarar da tsummoki da dutse.

Dabara ta 4, rarar ƙarya. Wannan tun kafin a aika kaya take faruwa. Saƙo ya shigo wayarka yana cewa an zuba maka jika 150. Sai mutumin ya kira, murya na rawa: "Ɗan'uwa, na yi kuskure, jika 120 zan tura. Don Allah mayar mini da jika 30." Alhali ko dala ba ta shigo ba. Shi ya rubuta saƙon da hannunsa, ya kwaikwayi na kamfani. In ka tura, daga aljihunka ka tura.

Dabara ta 5, neman ragi da tsiya. Ba zai mayar da kaya ba, ba zai nuna aibin ba. Sai dai ya ce: "Rage mini jika 40, magana ta wuce." Ya yi ta kira dare da rana har ka gaji.

Kafin ka sayar

Rigakafi ya fi magani. Maganin dabarun nan duka, tun kaya suna hannunka ake haɗa shi.

Da farko, ka juya kwamfutar ka dubi ƙarƙashinta. Za ka ga ƴar takarda manne, ko rubutu a jikin injin. Nemi haruffa biyu, S da N. Abin da ke biye da su ita ce lambar jiki. Kowace kwamfuta da tata lambar, kamar yadda kowace mota take da tata. A kan ƙirar Dell, lambar tana da haruffa da alƙalumma 7. A kan ƙirar HP, yawanci 10 ne. Ka kwafe ta cikin kayenka a hankali. Ka lura da harafin O da sifiri, ka lura da harafin I da alƙalamin 1, don suna kama da juna. Ka karanta ta da ƙarfi, wani ya bi da ido.

Macuci yana iya ɓamɓare ƴar takardar ya manna a kan matacciyarsa. Amma lambar nan tana rubuce kuma a cikin ƙwaƙwalwar injin. Mai gyara ya san yadda ake fito da ita a kan gilashi. Ka roƙe shi ya nuna maka, ka ɗauki hoto. Ka ce ya nuna maka girman RAM da girman faifan ajiya, su ma ka rubuta.

Na biyu, ka ɗauki hoto mai motsi da salula. A ga kana kunna ta, a ga ta kama, a ga lambar jiki, a ga kana sa ta cikin kwali kana liƙewa. Kada a yanke ɗaukar a tsakiya. In ba ka iya ba, sa yaro ya riƙe maka waya.

Na uku, ka yi alama. Ɗiga jan farce a kan kusoshi biyu ko uku na ƙarƙashi, ka bari ya bushe, ka ɗauki hoto. Duk wanda ya kwance, alamar za ta fashe.

Na huɗu, ka faɗi aibin kayanka a rubuce. In batir ba ya daɗewa, rubuta. In wani maɓalli ya mutu, rubuta. Aibin da ka faɗa da kanka, ba mai zuwa gobe ya riƙe ka da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyar, ka sa a goge hotunan iyalinka da takardunka duka kafin ta bar gidanka.

Na shida, ka tabbatar kuɗi sun shigo. Kada ka dogara da saƙo, ko da hoton resi da aka turo maka. Ka duba asusunka da kanka. In ta gidan aika kuɗi ne, ka je ka karɓa, ka ƙirga, sannan ka aika kaya. A tashar mota ka sa a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Ka karɓi resi, ka adana shi.

Takardar ciniki

Ga yadda za ka rubuta. Malami ya rubuta a allo, ɗalibai su kwafa.

Ni ........ na sayar wa ........ kwamfuta ƙirar ........
Lambar jikinta ........
Kuɗinta jika ........
Aibinta ........
In yana da kuka, ya faɗa cikin kwana ........
Kuɗin motar dawowa a kan ........
Ranar ........
Sa hannu ........ Shaida ........

In mai saye yana nesa, ɗauki hoton takardar ka tura masa. Ka ce ya amsa cewa ya yarda, da rubutu ko da murya. Kada ka goge amsar. In garinku ɗaya, ya fi kyau ku haɗu a shagon mai gyara da rana. Ya gwada, ya biya, ya sa hannu. Gani ya kori ji.

In kuka ya zo

Yanzu mu koma ga mutumin Maraɗi. Ga abin da ya kamata ya yi, bi da bi.

Ya kwantar da hankalinsa. Kada ya yi zagi, kada ya yi alkawari. Ya ce: "Malam, na ji. Allah ya sawwaƙe. Turo mini hoto mai motsi in ga aibin, in ga lambar jiki." Wani lokaci ba komai ba ne, abin caji ne bai shiga daidai ba, ko wuta ce babu.

In aibin ya tabbata, ya ce a mayar da kayan. A nan ga doka guda wadda nake so kowa ya rubuta da manyan haruffa: KAYA SU DAWO, A DUBA, SANNAN KUƊI SU KOMA. Ba a cinikin biri a sama.

In kwali ya iso, kada ya buɗe shi a ɗaka shi kaɗai. Ya buɗe gaban shaida, ana ɗaukar hoto. Ya kai wa mai gyara. A gwada lambar jiki da wadda ke cikin kaye. A duba jan farce. A duba kayan ciki.

In komai ya yi daidai, kuma injin ya lalace da gaske, to mai saye yana da gaskiya. A mayar masa da kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba. Amma a mayar ga sunan da ya biya, ta hanyar da ya biya. In ya ce a tura wa wani ƙaninsa a wata lamba dabam, kada a yarda. A karɓi resi.

In lamba ta saba, ko an yashe ciki, kada a tura ko dala. A gaya masa cikin ladabi: "Malam, wannan ba ita na aiko maka ba. Ga lambar tawa, ga lambar wadda ta zo."

Wanda kuma ya ce ya tura rara bisa kuskure, ka duba asusunka tukuna. Ka ce ya je ofishin kamfani ya kai kukansa, su ne masu gyara kuskure. Lambar sirrinka kuwa, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Yaya ake gane macuci? Yana da gaggawa, komai yau-yau. Bai taya ba, ya saya da sauri. Yana ƙin nuna aibin. Yana son kuɗi kafin kaya. Yana sauya lambar waya. Mai gaskiya ba ya gudun a duba.

Ina za a kai ƙara?

Kada ka ce kunya za ta hana ka. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2019-33, ta ranar 3 ga watan Yuli 2019, wadda ke hukunta laifuffukan da ake yi ta intanet. Ka je komisariya, ko wurin jandarma in kana ƙauye. Ka tafi da katin ɗan ƙasa, da takardar ciniki, da resi, da wayarka wadda saƙonni ke ciki. Ka sanar da kamfanin da kuɗi suka bi ta wurinsa tun da wuri. Kada ka baza hoton mutum a Facebook kana kiransa ɓarawo. Yin haka yana iya jawo maka ƙara, mai gaskiya ya koma mai laifi. Bar wa hukuma aikinta.

Jama'a, kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya kwafe haruffa 10 daidai, ya tsare jika 120. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. A ina ake samun lambar jikin kwamfuta?
2. Don me mai kaya zai rubuta aibin kayansa?
3. Wanne ke fara dawowa, kaya ko kuɗi?
4. Lissafi: Mutum ya sayar da kwamfuta jika 120, an biya shi. Ya mayar da kuɗin duka kafin kaya su dawo. Aka aiko masa da matacciya, wadda mai gyara ya saya jika 15. Ya biya kuɗin mota jika 3. Kwamfutarsa ta jika 120 ta tafi. Asarar jika nawa ya yi?

Ku tattauna da malaminku, kowa ya rubuta amsarsa a kayensa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.