Shiga makarantar likitanci a Amurka bayan an yi nisa a wani fanni: hanyoyin sharar fage da yadda ake zaɓa

A kowace shekara, mutum sama da dubu 50 ne ke neman gurbi a makarantun likitanci na Amurka masu ba da digirin MD, kuma waɗanda ake ɗauka ba sa kaiwa rabi. A cikin masu neman akwai wani rukuni da bai biyo hanyar da aka saba ba: malamin makarantar da ya shafe shekaru yana koyarwa, injiniya, tsohon soja, ma'aikaciyar jinya, ko uwar da ta jira 'ya'yanta suka tasa. Abin da ya haɗa su shi ne sun kammala digiri na farko tun da daɗewa, sai daga baya suka yanke shawarar zama likitoci. Tambayar da ke fara tare musu hanya ita ce inda za su yi darussan kimiyyar da makarantun ke buƙata, kuma ta wace siga. Kuskure a wannan mataki na iya cinye shekara biyu da dubban daloli ba tare da an kai ga gurbi ba.

Tsarin ya sha bamban da wanda aka sani a Najeriya. A nan gida ɗalibi kan rubuta jarrabawar JAMB da Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, ya shiga karatun MBBS na shekara 6 kai tsaye daga sakandare. A Amurka sai mutum ya gama digiri na farko na shekara 4, sannan ya nemi makarantar likitanci, ita ma ta shekara 4. Jami'ar Johns Hopkins ce ta kafa wannan sharaɗi tun buɗe makarantar likitancinta a 1893, sai rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 ya matsa wa sauran makarantu lamba su ƙarfafa ginshiƙin kimiyya kafin ɗaukar ɗalibi. Ba a damu da fannin da mutum ya yi digirinsa ba. Wanda ya karanta Tarihi ko Kiɗa yana da damar nema daidai da wanda ya karanta Bayoloji, muddin ya cika darussan sharar fage.

Darussan sun ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma akasari ana buƙatar shekara guda ta Bayoloji, shekara guda ta Kimistiri na gama-gari, shekara guda ko zango guda na Kimistirin sinadaran kabon, da shekara guda ta Fiziks, dukkansu tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Makarantu da dama sun ƙara da Bayokimistiri da Ƙididdiga da rubutun Turanci. Matsalar tana wajen jerin darussan Kimistiri, domin kowanne yana jingine da na gabansa. Ba a shiga na sinadaran kabon sai an gama na gama-gari, kuma ba a shiga Bayokimistiri sai an wuce na kabon. Wannan sarƙa kaɗai tana cin zango huɗu zuwa biyar, komai hazaƙar ɗalibi.

Sai jarrabawar MCAT, wadda ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke shiryawa. Ana shafe kusan awa bakwai da rabi ana rubuta ta, tana da sassa huɗu, kuma makinta yana tsakanin 472 da 528. Tun da aka sauya fasalinta a 2015, ta ƙunshi Bayokimistiri da ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Saboda haka ko makaranta ba ta nemi waɗannan darussa ba, jarrabawar za ta nema. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD yana kai-komo ne a tsakanin 511 da 512. Ba a barin mutum ya zauna mata fiye da sau uku a shekara, ko sau bakwai a tsawon rayuwarsa, kuma makarantu suna ganin sakamakon kowane zama.

Mai sauya fanni da mai gyaran maki

Kafin zaɓen hanya, wajibi ne mai nema ya san rukunin da yake ciki, domin su biyu ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Akwai mai sauya fanni, wanda ya yi digirinsa da maki mai kyau amma bai taɓa darussan kimiyya ba, ko ya taɓa kaɗan. Akwai kuma wanda ya yi darussan tun yana jami'a amma sakamakonsa ya yi rauni. Na farko darussa yake nema. Na biyu hujja yake nema, wadda za ta gamsar da kwamitin ɗaukar ɗalibai cewa ya sauya.

Lissafi ba ya yi wa na biyu sassauci. Cibiyar AMCAS, wadda ta hanyarta ake miƙa takardun nema ga galibin makarantun MD, tana haɗa duk darasin da mutum ya taɓa yi a matakin digiri na farko. Idan ya faɗi darasi ya maimaita, duka makin biyu ne ke shiga lissafi. Tana kuma fitar da matsakaicin maki na musamman ga Bayoloji da Kimistiri da Fiziks da Lissafi. A da, masu neman makarantun da ke ba da digirin DO suna da rangwame, inda sabon maki ke shafe tsoho, amma an soke wannan a 2017. A ɗauki misalin wanda ya gama digiri mai nauyin kiredit 120 da matsakaicin maki 2.8 cikin 4. Ko da ya ƙara kiredit 30, wato cikakkiyar shekara guda, ya kuma ci cikakken maki a kowane darasi, matsakaicinsa zai tsaya ne a 3.04, alhali na waɗanda ake ɗauka ya haura 3.7. Abin da ke cetonsa shi ne wasu makarantun suna duba yadda makin ya riƙa hawa a shekarun baya-bayan nan.

Hanya ta farko ita ce tsararren shirin sharar fage na bayan digiri, wanda wasu jami'o'i suka ware domin masu sauya fanni. Na Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok ya faro tun 1955, kuma yana cikin mafiya daɗewa. Kwalejin Bryn Mawr da ta Goucher suna da shirye-shiryen da ake kammalawa cikin shekara guda. Suna farawa ne da bazara, a matse Kimistiri na gama-gari cikin 'yan makonni, sannan a ɗora sauran darussan a zanguna biyu masu zuwa. Ɗalibi yana samun mai ba shi shawara, da tabbacin kujera a aji, da wasiƙar shaida ta kwamitin makarantar, wadda makarantun likitanci ke girmamawa. Wasu shirye-shiryen suna da yarjejeniya da wasu makarantun likitanci, ta yadda wanda ya cika sharuɗɗa zai wuce kai tsaye ba tare da zaman jiran shekara guda ba.

Sai dai kuɗin yakan kai dubban daloli masu yawa, kuma shirin shekara guda ba ya barin mutum ya riƙe cikakken aiki. Shigarsa ma gasa ce, domin mafiya suna a cikinsu masu kyakkyawan sakamako suke zaɓa tun daga farko. Ya kamata a tuna da wannan idan aka ga wani shiri yana tallata yawan ɗalibansa da suka samu gurbi. Tambayar da ta dace a yi musu ita ce mutum nawa suka fara shirin, nawa suka kai ƙarshe, kuma nawa kwamitin ya amince ya rubuta wa wasiƙa.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya haɗa darussansa da kansa. Zai yi rajista a wata jami'ar jiha ko a sashen karatun manya, irin na Harvard da ke gudanar da azuzuwa da yamma, ya riƙa ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango yana ci gaba da aikinsa. Ga mai iyali da haya da bashi, sau da yawa wannan ce kaɗai hanyar da za ta yiwu, kuma makarantun likitanci suna karɓar ta. Wahalarta ita ce ɗalibin da ba digiri yake nema ba shi ne na ƙarshe a layin rajista, don haka kujerun ɗakin gwaje-gwaje kan cika kafin a zo kansa. Dole kuma ya nemi wasiƙun shaida da kansa daga malaman da suka koyar da shi, abin da ke buƙatar ya saba da su tun farkon zango.

A nan ne ake yawan muhawara kan kwalejojin al'umma na shekara biyu, waɗanda kuɗinsu ya fi na jami'a sauƙi nesa ba kusa ba. Makarantun likitanci da dama suna karɓar darussansu, wasu kuma sun fi son na jami'a. Dabarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya yi darussan farko a kwalejin, sannan ya yi manyan, irin su Bayokimistiri da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, a jami'a mai shekara huɗu. Kyakkyawan maki a MCAT ma yana kawar da shakku kan ingancin inda aka yi karatun. Darussan intanet kuwa, lokacin annobar korona a 2020 makarantu sun sassauta sun karɓa, amma daga baya wasu sun koma neman aikin gwaje-gwaje na ido da ido. Kafin a biya kuɗin irin wannan darasi, a duba ƙa'idar kowace makarantar da ake hari.

Hanya ta uku ta mai gyaran maki ce: digiri na biyu na musamman na shekara guda, irin wanda Jami'ar Georgetown da ke Washinton ta shahara da shi, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa irin na 'yan shekarar farko a makarantar likitanci. Wanda ya yi fice ya nuna a aikace cewa zai iya ɗaukar nauyin karatun. Wanda ya yi tsaka-tsaki kuwa ya ba da hujja a kan kansa, kuma da wuya ya sami abin da zai goge ta. Makin wannan digiri ba ya shiga lissafin na farko, daban ake nuna shi. Don haka wanda raunin makinsa ya yi tsanani gara ya fara da ƙarin darussan matakin digiri na farko kafin ya yi wannan caca.

Ga wanda ya yi digirinsa a Najeriya

'Yan Najeriya mazauna Amurka da ke riƙe da digiri daga Zariya ko Kano ko Ibadan suna da wani shinge na daban. AMCAS ba ta tantance sakamakon jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, kuma ba ta sanya makinsu cikin lissafi. Makarantu da yawa suna sharɗanta a yi darussan sharar fage, ko aƙalla karatun shekara guda ko fiye, a wata jami'ar Amurka ko Kanada. Ke nan wanda ya karanta Bayokimistiri a gida, har ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, zai iya samun kansa yana maimaita Kimistiri na aji ɗaya. Abin yana da ciwo, amma yana da amfani guda: makin da ya samu a can shi ne zai zama ma'aunin da za a auna shi da shi, ba tare da wani tsohon rauni ya biyo shi ba.

Matsayin takardun zama ma yana da tasiri. Makarantun da ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da izinin zama na dindindin, ba su da yawa. Irin wannan ɗalibi ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayya, kuma wasu makarantun sukan nemi ya nuna kuɗin karatun tun kafin ya fara. Ga waɗanda suka cancanci rancen ma, dokar da aka sanya wa hannu a Yulin 2025 ta ƙayyade shi zuwa dala dubu 50 a shekara da dala dubu 200 gaba ɗaya ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026. Makarantu kaɗan ne suka soke kuɗin karatu, kamar ta Jami'ar New York tun 2018, da Albert Einstein bayan kyautar dala biliyan ɗaya da Ruth Gottesman ta ba ta a 2024, kuma gasar shigarsu tana da zafi ƙwarai.

Darussa ba su ne kaɗai abin da ake dubawa ba. Kwamitoci suna son ganin mai nema ya zauna da marasa lafiya, ya bi likita yana kallon aikinsa, domin su tabbatar ya san abin da yake shirin barin aikinsa dominsa. Tun da wannan ba ya cin kuɗin rajista, hikima ce a fara da shi kafin a ajiye aiki.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Ana fara miƙa takardun nema a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sama da shekara guda kafin fara karatu, kuma galibin makarantu suna cike gurabensu ne bi da bi, don haka wanda ya makara zai tarar an rage kujeru. Makarantu da yawa ba sa karɓar sakamakon MCAT da ya wuce shekara biyu zuwa uku, saboda haka ba a gaggawar rubuta ta kafin a gama darussa. Wanda ya fara sharar fage a Agustan 2026 yana haɗawa da aiki, ya kammala cikin shekara biyu, zai nema a Yunin 2028, ya shiga aji a Agustan 2029, ya fito a 2033. Bayan nan akwai horon ƙwarewa a asibiti na shekara 3 zuwa 7, gwargwadon fannin da ya zaɓa. Idan yana da shekara 30 ranar da ya fara, zai kai 40 kafin ya fara duba marasa lafiya da ikon kansa.