Tamaular Cikin Ɗaki Da Shekarar Fari Ta Ƙaramar Ƙungiya

Jama'a, 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu, kowa ya san wasan tamaula na mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, gama da wuya a sami makarantar da yaranta ba su buga shi, ko da kuwa duwatsu biyu ne a madadin raga. Amma wasan nan yana da wani ƙane wanda ba kowa ya san shi ba a ƙasarmu, watau tamaular cikin ɗaki, wadda a ke kira futsal. Mu da a ke aikawa koyon aikin malanta a Rawayya da sauran garuruwan ƙasar Bunguɗu da Tsafe, mun ga ya kamata mu yi bayaninsa, domin dalili biyu. Na fari, makarantu da yawa ba su da fili babba a cikin shingensu. Na biyu kuwa, a shekarun nan da rashin zaman lafiya ya dami ƙauyukan Zamfara, iyaye ba su son 'ya'yansu su yi la'asar sakaliya a filin bayan gari, kuma ba wanda zai ga laifinsu. To, yaron da aka hana shi filin bayan gari, ba a kuwa ba shi wani wurin ba, ƙarfin da Allah ya zuba masa ba zai zauna a banza ba, sai ya nemi inda zai kai shi.

Asalin wasan nan daga ƙasar Yurugwai ya ke, can Amurka ta Kudu. A shekarar 1930, a birnin Montebidiyo, wani malamin motsa jiki mai suna Juan Carlos Ceriani ya tsara shi domin samari su riƙa yinsa a ɗakunan da a ke wasan ƙwallon kwando. Ku lura, malami ne ya tsiro da shi, ba attajiri ba, ba kuma hukuma ba. Daga nan ya ƙetara Burazil, inda ya sami gindin zama ƙwarai a cikin birane masu cunkoso, waɗanda ba su da fili. Hukumar FIFA ta yi gasarsa ta duniya ta farko a ƙasar Holan cikin 1989, Burazil ta ci. Ya zuwa gasar da aka yi a Uzbekistan cikin 2024, Burazil ta ɗauki kofin sau 6. A nan Afirka kuwa an fara gasarsa a Masar cikin 1996. Masar ta ci sau 3 a jere, Libiya ta ci a 2008, sa'an nan Maroko ta ci a 2016 da 2020 da 2024.

Ga yadda a ke yinsa. Kowane gefe mutum biyar ne, ɗaya daga cikinsu mai tsaron gida. Filin da a ke manyan gasa a kansa tsawonsa kamar mita 40 ne, faɗinsa mita 20, amma doka ta yarda a yi ƙananan wasanni a filin da bai wuce mita 25 da mita 16 ba. In kuka auna, za ku ga babban fili mai mita 105 da mita 68 ya kusa haɗiye irin wannan guda tara. Ragarsa faɗin mita 3 ce, tsayi mita 2. Tamaular kuwa ta fi wadda muka saba ƙanƙanta, an kuma yi ta yadda ba ta cika tashi sama ba, domin ta riƙa bin ƙasa. A kan yi minti 20, a huta, a juya a sake minti 20, amma duk sa'ad da tamaula ta fita sai a tsai da agogo. Babu satar gida. In tamaula ta fita ta gefe ba a jefo ta da hannu, sai a ajiye ta kan layi a buga da ƙafa, cikin daƙiƙa 4. Canjin 'yan wasa ba shi da iyaka, wanda ya fito ya huta yana iya komawa.

Akwai doka ɗaya wadda muka ga ta fi dacewa da aikinmu na tarbiyya. Alƙalin wasa yana lissafa manyan laifuffukan da kowace ƙungiya ta yi a rabin lokaci. In sun kai biyar, to, daga na shida duk laifin da aka ƙara sai a ba abokan karawa bugu daga mita 10, ba tare da an jera musu katanga ba. Wanda aka kora da jan kati kuma, 'yan'uwansa za su yi minti 2 su huɗu, sai fa in an ci su kafin lokacin ya cika. Ashe ke nan laifin mutum ɗaya bashi ne a kan jama'a duka. Yaro mai zafin zuciya ba ya daɗewa bai gane haka ba, gama abokansa ne za su fara yi masa faɗa tun malami bai buɗe baki ba.

Kada wani ya ce wasan cikin bango baƙo ne da ba zai karɓu a ƙasar Hausa ba. Tun zamanin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai su ke yin wasan nan na dukan 'yar ƙaramar tamaula da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shahara da ƙaunarsa, babban filin wasan Gusau kuwa sunan Sardauna ya ke ɗauke da shi. Abin da ya sa wasan ya kama ƙasa shi ne, ba ya bukatar wuri mai yawa ko kaya masu tsada. Haka nan tamaular cikin ɗaki. Ko da ya ke sunanta ya ambaci ɗaki, farfajiyar makaranta mai shinge ta isa, in dai an share tsakuwa, an daddaɓe ƙasa, an ja layi da farar ƙasa ko toka.

To, yanzu bari mu zo ga shekarar fari, wadda ita ce ainihin maganarmu. Kafa ƙungiya ba wuya, kowace unguwa tana iya yi a yini ɗaya. Wuyar ita ce a kai ƙarshen kakar wasa ta farko ba a watse ba. Abubuwan da ke kashe ƙaramar ƙungiya a shekararta ta fari guda huɗu ne: rashin zaɓen lokaci, da kuɗi, da tafiya, da rigima.

Batun lokaci, mutanen Rawayya manoma ne, samarin da za su buga wasan su ne masu riƙe da fartanya. Wanda ya buɗe gasa a cikin Yuni, sa'ad da damina ta kankama, ya sani noma zai kwashe masa 'yan wasa, ruwa kuma ya ɓata masa fili. In ya kai ta Afirilu, zafin bazara ba ya barin yaro ya yi gudu. Lokacin da ya dace shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sanyaya gari, aljihun mutane kuma yana da ɗan nauyi. Sai kuma a duba watan azumi, gama kowace shekara yana matsowa da kwana kamar 11, kada a tsara wasa ya faɗa cikinsa ba da shiri ba. Wasa kuwa a fara shi bayan sallar la'asar, a tashi kafin magariba, kowa ya isa gida da sauran haske.

Lissafin gasa ba wuya gare shi ba. A ce ƙungiyoyi 6 ne, kowace za ta kara da kowace sau biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje. Kowace ƙungiya ta sami wasa 10 ke nan, jimla wasa 30. In ana yin uku kowane mako, a mako 10 an gama. Wanda ya ci a ba shi maki 3, kunnen doki maki 1, wanda aka ci ba shi da kome. Muna ba da shawara kada a wuce haka a shekarar fari. Gara gasa ƙarama da aka ga ƙarshenta da babba wadda ta mutu a tsakiya.

Batun kuɗi kuwa, a nan ne za mu kawo muku labari daga Amurka, domin akwai abin lura a cikinsa. Mutanen can suna da wani wasa nasu dabam, na tamaula mai kama da ƙwai, wadda a ke runguma a yi gudu da ita. Wani mutum mai suna Jim Foster ya mai da shi na cikin ɗaki, mutum takwas a kowane gefe, aka buɗe babbar gasarsa cikin 1987 da ƙungiyoyi 4. A shekarar 2000 aka kafa masa ƙaramar gasa domin garuruwan da ba su kai manyan birane ba, aka sa mata suna af2. A kakar nan ta fari, wata ƙungiya mai suna Quad City Steamwheelers, wadda ke wasa a garin Moline na jihar Ilinoi, ta yi wasa 19 ta ci duka, ba wanda ya taɓa kayar da ita, ta ɗauki kofi. Shekara ta zagayo ta sake ɗauka. Duk da haka, bayan kakar 2009 ƙaramar gasar ta watse, babbar ma ta karye a 2019 saboda rashin kuɗi. Ashe cin wasa dabam, rayuwar ƙungiya dabam. In haka ta sami masu manyan ɗakunan kallo, ina ga mu?

Saboda haka tun ba a taɓa tamaula ba, a naɗa ma'aji, a ba shi littafi. Kowace naira da ta shigo, ko ta karo-karon 'yan wasa ce ko gudummawar wani mai hali, a rubuta. Kowace da ta fita, ta tamaula ce ko ta riguna ko ta ruwan sha, a rubuta. Ƙarshen kowane wata a karanta a gaban kowa. Ma'aji kuma kada ya zama shi ne mai horarwa, domin kada zato ya shiga. Har wa yau, kada a dogara ga mutum ɗaya, ko da kyautarsa ta kai ina, musamman mai neman kujera, gama ranar da bukatarsa ta biya ko ta faɗi, ranar ƙungiya za ta zama marainiya. Kwabon mutum ɗari ya fi sulen mutum guda daɗewa.

Batun tafiya, nan ne ƙanƙantar wasan ke da rana. Ƙungiyar babban fili tana bukatar mota guda cike, amma mutum takwas ko tara da malaminsu sun isa wannan. Duk da haka, a shekarar fari a tsaya cikin gari, unguwa da unguwa, makaranta da makaranta. Zuwa Bunguɗu ko Gusau a bar shi sai wasan ƙarshe, da rana tsaka, da yardar iyaye, bayan an tambayi masu sanin halin hanya. Babu kofin da ya kai ran yaro ɗaya.

Batun rigima kuwa, maganinta tun kafin ta taso a ke yinsa. A je a gai da mai gari da limami da masu unguwanni, a gaya musu abin da a ke nufi, gama da ɗan gari a kan ci gari. A rubuta sunayen 'yan wasan kowace ƙungiya tun ranar fari, kada wani ya ɗauko gwani daga Gusau ranar wasan ƙarshe ya ce ɗan unguwarsu ne. Alƙalin wasa kada ya fito daga unguwar ɗayan masu karawa. Ƙungiyar da ba ta zo ba, ba da hanzari ba, an ci ta. Dokokin nan a karanta su a bainar jama'a, shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu.

Wani zai ce, shin wasan farfajiyar makaranta ina zai kai yaro? Amsa ita ce, a ƙaramin fili yaro yana taɓa tamaula sau da yawa fiye da a babba, ba shi da wurin ɓuya, dole ya koyi saurin tunani da miƙa wa ɗan'uwa. Manyan gwanayen Burazil da dama a irinsa suka taso. Tsani kuwa yana nan a ƙasarmu ga mai rabo: gasar NLO tana ƙasa, NNL a bisanta, sa'an nan NPFL a ƙoli. Amma a tuna, Kano Pillars da aka kafa a 1990 ba ta ci babbar gasar ƙasa ba sai a 2008, shekara 18 ke nan, kana ta ci a 2012 da 2013 da 2014. Ita ɗin ma ta faɗo mataki na biyu a 2022, ta koma sama a 2023. Sannu ba ta hana zuwa.

Don haka, 'yan'uwa, in Allah ya kai ɗayanmu wata makaranta ya kafa irin wannan ƙungiya, kada ya auna shekararta ta fari da yawan ƙwallayen da ta ci. Ya tambayi kansa abu uku. An buga wasannin da aka tsara duka? Littafin ma'aji ya daidaita? Yaran da aka fara da su suna nan, suna kuma zuwa aji? In amsar ukun nan i ce, to, ko ƙungiyarsa ce ta ƙarshe a jeri, ta ci shekararta, iyaye kuma za su ba shi 'ya'yansu baɗi ba tare da ya roƙa ba.

Iyakar abin da za mu ce ke nan. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa a hannunmu, amin.