Zanen fina-finan sararin samaniya: takardun da ke cin miliyoyi, da tarkon da ke jiran mai saye

A watan Nuwamban 2021, a gidan gwanjo na Christie's da ke birnin Paris, an fitar da wani littafi da masana suka ƙiyasta kuɗinsa tsakanin yuro dubu 25 zuwa dubu 35. Ko da aka sallama shi, kuɗin ya kai yuro miliyan 2 da dubu 660, wato sama da miliyar 1 da miliyan 700 na sefa. Abin da ke ciki kuwa zane-zane ne na wani fim da ba a taɓa ɗauka ba.

Fim ɗin shi ne Dune, wanda darakta Alejandro Jodorowsky ya so shiryawa a shekarun 1970, rashin masu zuba kuɗi ya hana. Littafin ya ƙunshi aikin Bafaranshen nan Jean Giraud, da aka fi sani da Moebius, da na H.R. Giger ɗan ƙasar Suwizalan. Kwafi kaɗan ne aka buga.

Zanen da ke riga fim zuwa duniya

Irin wannan zane ana yin sa ne tun kafin a kunna kyamara, domin darakta da masu kuɗi su ga yadda jirage, birane da halittun labarin za su kasance. A 1975, George Lucas ya ɗauki Ralph McQuarrie ya zana masa duniyar Star Wars, zanen kuma ya taimaka wajen shawo kan kamfanin 20th Century Fox. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mutum-mutumi biyu a tsakiyar yashi, yanayin da aka zo aka ɗauka a hamadar Tunisiya.

Da fim ɗin ya fito a 1977, kamfanin Ballantine ya buga zane 21 na McQuarrie a cikin jaka guda, kowanne a takardarsa, har yau kuma masu tarawa na farautarsu. Haka ma aikin Giger na fim ɗin Alien na 1979, wanda ya ba shi kyautar Oscar, da na Syd Mead a Blade Runner na 1982.

Kalanda ita ce ƙofar masu ƙaramin ƙarfi: zane 12 a farashin da bai kai na bugu ɗaya mai sa hannu ba. Masu tarawa sun fi son wadda ba a yi rubutu a kanta ba, ba a yage shafi ba. Tsohuwar kalanda ma takan sake amfani, domin ranakun 1978 sun yi daidai da na 2023, za su kuma sake dawowa a 2034.

Takarda ka saya, ba fim ba

Waɗanda suka sayi littafin Dune ƙungiya ce ta masu hada-hadar kuɗin kirifto mai suna Spice DAO. A farkon 2022 suka sanar da aniyarsu ta watsa littafin ga jama'a da shirya fim ɗin zane. Nan take aka yi musu ca a intanet, ana tuna musu cewa mallakar kwafi ba ta ba mutum haƙƙin abin da ke ciki. Haƙƙin na wurin mawallafa da magadansu.

Darasin ya shafi duk matashin da ke leƙa shagunan intanet, a Yamai yake ko a Turai. Kayan iri uku ne. Akwai zanen asali da mai zane ya yi da hannunsa, guda ɗaya tak. Akwai bugu mai iyaka, wanda ake rubuta masa lamba da fensir, misali 12/250, galibi da sa hannu. Sai bugun kasuwa, da ake bugawa ba adadi. Ƴan damfara na cin riba ne ta hanyar sayar da na uku da sunan na biyu. McQuarrie da Moebius sun rasu a 2012, Giger a 2014, Mead a 2019, don haka duk bugun da aka yi bayan rasuwarsu da aka ce su suka sa masa hannu, jabu ne.

Kafin ka tura kuɗi, nemi sunan maɗaba'a, shekarar bugu, girman takarda da hoton bayanta. Idan kaya ya iso gida, abokan gabarsa su ne rana mai kashe launi, ƙurar hunturu, danshin damina da gara. Kada a manna shi da gam a bango, kada a naɗe shi ya daɗe. A shimfiɗe shi cikin jaka, ko a sa shi a gilashi a ɗakin da rana ba ta haska shi.