Yadda tiyatar rage ƙiba ke shafar lafiyar haƙora

Masu fama da matsananciyar ƙiba, musamman idan ta haɗu da ciwon sukari ko hawan jini, sukan nemi mafita ta hanyar tiyatar rage tumbi, wasu a asibitocin cikin gida, wasu kuma a Indiya, Masar ko Turkiyya. Sai dai ba kowa ne ke sanin cewa baki ma yana ɗaukar nasa kason na wahala bayan aikin ba.

A nau'in tiyatar da aka fi yi, likita kan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin. Daga nan wasu sukan yi fama da ƙwannafi da yawan amai. Ruwan da ke tasowa daga ciki yana da tsananin tsami, kuma a hankali yake cinye ɓawon nan mai tauri da ke lulluɓe haƙori, wanda idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Alamar farko ita ce zogi idan an sha ruwan sanyi.

Na biyu, ƙaramin tumbi yana tilasta wa mutum cin abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. Duk cin da aka yi, ƙwayoyin cutar baki suna samun abin da za su mayar tsami. Ga kuma bushewar baki saboda ƙarancin shan ruwa, alhali yawu ne ke wanke haƙora. Wannan ke buɗe ƙofar kogon haƙori.

Na uku, jiki kan gaza tsotsar isasshen kalsiyam, ayon da bitamin D da B12. Sakamakon haka, harshe kan yi ja yana raɗaɗi, gefen baki ya tsage, ƙashin muƙamuƙi kuma ya raunana.

Duk wannan na zuwa ne a lokacin da aka fi buƙatar haƙoran, domin dole a tauna kowace loma ta yi laushi kafin a haɗiye.

Saboda haka, ya kamata a ga likitan haƙori tun kafin tiyata, a cike koguna, a magance ciwon dasashi. Bayan amai, a kurkure baki da ruwa, a jinkirta goge haƙora na aƙalla minti 30. A riƙa amfani da man goge baki mai fulorayid, a rage lemon kwalba da zoɓo mai sukari, sannan kada a yi wasa da ƙwayoyin bitamin da likita ya rubuta, domin yawanci shansu na tsawon rayuwa ne.